Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Mawaƙa da 'Yan Wasan Jihar Kaduna Kafin a Kaɗa Gangar 2027

Assalamu alaikum.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ku baki ɗaya: mawaƙan fiyano da makaɗan gargajiya, masu bege da mawaƙan coci, 'yan gambarar zamani, 'yan fim da 'yan barkwanci, marubuta waƙa da masu zane, na cikin garin Kaduna da na Zariya, Kafanchan, Birnin Gwari, Saminaka da Kachiya. Manyan cikinku, ranku ya daɗe. Sauran kuwa yawancinku ƙannena ne ko 'ya'yana, sai ku yi haƙuri da maganar tsoho idan ta yi tsawo.

Kakar siyasa ta ƙarato. An fara ɗinka huluna, an fara buga hotuna, masu neman kujera sun fara tuna lambobin wayar da suka manta tun ranar rantsuwa. Kuna cikin waɗanda za a fara kira, domin ɗan siyasar Arewa zai iya zuwa gangami babu takardar manufofi a hannunsa, amma ba zai je babu mawaƙi ba. Shi ya sa na ga gara in yi magana yanzu, tun ba a ba ku kafin alƙalami ba.

Ba zan ce ku daina yi wa 'yan siyasa waƙa ba. Masu faɗin haka yawanci albashinsu na shigowa duk ƙarshen wata. Na san yadda sana'arku ta koma. Kasuwar kaset ta mutu, ta faifai ta bi ta, yau waƙar da mutum ya kashe kuɗi ya buga a sitidiyo, mai turi ne zai zuba wa mutane ita a waya da wasu ɗari a kan kuɗin da bai kai na kwanon shayi ba, kuma ko sisi ba ya komawa wurin mai ita. Abin da YouTube ke bayarwa sai wanda ya tara mabiya masu yawan gaske yake ganin amfaninsa. Ga mai kiɗa yana jiran sallama, ga 'yan amshi, ga man janareta da ya yi tsada tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Biki kuwa yana da lokacinsa, liƙin ma ya ragu. A irin wannan hali idan wani ya zo da kwangilar da za ta biya kuɗin haya da na makarantar yara, har ta kai mutum Makka, ba ni da bakin cewa ya ƙi.

Kuma yabo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Narambaɗa a fada ya yi rayuwarsa, haka Ɗanƙwairo, haka Sarkin Taushin Katsina. An yi wa Sardauna waƙoƙi ba adadi, jam'iyyar NPC na da mawaƙanta, NEPU na da nata. Dokta Mamman Shata bai tsaya ga waƙa kaɗai ba, sai da ya shiga siyasar tsundum, kuma hakan bai hana Jami'ar Ahmadu Bello karrama shi da digirin girmamawa ba. Don haka kada wani ya ce na zo ne in raba ku da gadonku.

Damuwata a wani wuri take. Duk wanda ya taɓa sayen dabba a Zango nan Tudun Wada ya san aikin dillali. Yana karɓar la'adarsa, babu mai ganin laifinsa. Amma la'adar nan ba ta daɗin baki ba ce kawai, ta tsayawa ce. Shi ya ce saniyar nan lafiyarta lau, shi ya ce ba ta sata ba ce, kuma idan magana ta taso bayan ciniki, mai saye ba ya neman wanda ya kawo ta daga ruga, dillalin yake nema, domin shi ya sani, a bakinsa ya ji. Dillalin da ya ce shi dai an biya shi ne ya yi talla, abin da ya biyo baya ba ruwansa, ba zai ƙara shekara a kasuwar ba. To ku ne kuka ce mana wane adali ne, wane mai tausayin talaka ne, wane in ya hau za a sha jar miya. A bakinku muka ji. Tsohuwar da ta bi layi tun asuba a Rigasa ko a Zonkwa ba ta taɓa ganin ɗan takarar ido da ido ba, amshin waƙarku ta haddace. Bayan an rantsar da shi ya shige Gidan Sir Kashim, wato gidan gwamnatin jiha, ko ya wuce Abuja, ƙofa ta rufe, wa za ta tambaya?

Kada ku rena nauyin bakinku. Garin nan ya fi ko'ina sanin abin da waƙa ke iya yi. Tun da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Arewa a nan Kaduna a 1962, duk abin da hukuma ke son ya shiga kunnen manomi da makiyayi, sai ta nemi mawaƙi. Da aka koma tuƙi a hannun dama a 1972, da aka canja kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo a 1973, da aka fara ilimin firamare kyauta a 1976, ba takardun gwamnati ne suka kai saƙon ƙauye ba. A wannan rediyon ne mutanen da ba su taɓa fita lardinsu ba suka haddace sunayen ƙasashen Afirka daga bakin Abubakar Ladan Zariya. Ɗan Maraya Jos kuwa da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya sa manya suka dubi karen mota a matsayin ɗan Adam mai haƙƙi. Idan kuma kuna ganin wannan tsohon labari ne, ku tuna zaɓen gwamnan jihar nan na 2023: ƙuri'u sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu manyan 'yan takara biyu suka raba, amma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai dubu 11 ba. A irin wannan zaɓe, waƙar da ta kama bakin yara a unguwa uku ko huɗu ba abin wasa ba ce.

Yanzu ku dubi abin da jihar nan ta gani a 'yan shekarun nan. An kwashe ɗalibai a kwalejin gandun daji ta Afaka a watan Maris na 2021. An tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, na ƙarshen waɗanda aka tafi da su ba su dawo ba sai watan Oktoba. A daren 3 ga Disamba 2023 jirgin soja maras matuƙi ya jefa bam kan masu Maulidi a Tudun Biri cikin ƙaramar hukumar Igabi, hukumomi da kansu suka ce mutum 85 ne suka rasu. Wata uku bayan nan aka kora yaran makaranta daji daga Kuriga. A Kakuri kuwa masaƙar da aka buɗe tun 1957 ta rufe a 2002, tsofaffin ma'aikata da dama sun mutu suna jiran haƙƙinsu. Ba ni zan yi muku lissafi ba. Ku zauna da kanku, tsakaninku da Allah, ku ƙirga waƙoƙin da aka yi wa 'yan takara a kakar 2023, sannan ku ƙirga waɗanda aka yi wa waɗannan bayin Allah, ku ga a cikin sunayen da suka fi tashe wajen kwangila nawa ne suka fito a jeri na biyu.

Akwai kuma wata sabuwar dabara da nake roƙonku kada ku koya. Duk mun ga mawaƙin da ya shekara takwas yana wasa shugaban ƙasa, sai da mutumin ya sauka ya koma gida sannan ya tara 'yan jarida ya ce ai ya lalata ƙasa. Ko da abin da ya faɗa gaskiya ne, ihu ne bayan hari. Gaskiyar da aka ɓoye lokacin da za ta iya gyara wani abu, aka fito da ita ranar da aka sami sabon ubangida, talaka ba ya cin moriyarta.

Ga abin da nake nema, kuma ba zai rage muku ko kwabo daga kuɗin kwangila ba. Idan ɗan takara ya zo, bayan an gama kirari, an ambaci kakanninsa, an kira shi giwa an kira shi zaki, ku tambaye shi abin da zai yi, ku sa shi a cikin waƙar. Ba irin su "zai kawo ci gaba" ko "zai share hawayen talaka" ba, waɗannan ko ni zan iya yin alƙawarinsu. Ku sa sunan hanyar, daga wane gari zuwa wane gari. Ku sa sunan asibitin da zai kai wa likita, da makarantar da zai yi wa rufi, da unguwar da ruwan famfo zai dawo, da shekarar da ya ɗiba wa kansa. Idan kujerar majalisa yake nema, ku sa dokar da zai kai. Ku jera su a ɗango biyu ko uku masu daɗin amshi, irin waɗanda yara za su riƙa rerawa a hanyar makaranta, mata kuma a wurin daka.

Ku lura da abin da wannan zai haifar. Takardar manufofi turanci ce, 'yan kaɗan ke karanta ta, kuma bayan zaɓe ko a ofishin jam'iyya da wuya ka same ta. Hoton bango ruwan sama na farko ke wanke shi. Amma waƙa tana nan a wayar ɗan acaɓa da ta mai shayi, ba a goge ta daga kan mutane. Ranar da mai girma zai dawo neman zango na biyu, ba sai ɗan adawa ya ɓata bakinsa ba, waƙarsa ta farko kawai za a kunna masa. Wanda ya cika alƙawari, babu tallar da ta kai wannan, kuma ku ne za a sake kira ku yi ta biyu, da hujja a hannu. Wanda kuwa ya ce a bar alƙawari a waje, a tsaya ga kirari kawai, to ya gaya muku ko shi wane ne tun kafin ku buɗe baki, sai ku san irin yabon da za ku yi masa da kuma inda za ku tsaya. Sannan idan an shekara biyu da hawa, ku dawo ku yi mana waƙar duba aiki: wannan an yi, Allah ya saka, wancan har yanzu muna zuba ido. Ba zagi ba ne. Cika aikin da aka fara ne.

Na san abin da wasunku za su ce: Malam, kai kana gefe, ba ka san dawan garin ba, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma wanda ya ɗaga murya ana iya ɗaga shi. Ban musa ba. An ƙona gidan Fela a Legas a 1977. A maƙwabciyarmu Kano an sha kama mawaƙa da 'yan fim tun daga 2007, galibi da sunan ba su kai aikinsu an tace ba. Ko a 2025 sai da hukumar kula da kafofin watsa labarai ta ƙasa ta hana sa wata waƙar Eedris Abdulkareem a rediyo da talabijin. Tsoron yana da tushe. Sai dai iyayenku a wannan sana'a ba su yi zamanin da ya fi naku sauƙi ba, kuma ba su yi shiru ba, habaici suka ƙware a kai. Makaɗin fada yakan gaya wa sarki gaskiya a tsakiyar yabo, ya ce sarki ba ya zalunci, kowa a wurin ya gane tunatarwa ce ba labari ba. Marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja, tsohon soja ne, kuma a lokacin da soja ke mulkin ƙasar nan ya sa kaki a gidan talabijin na Kaduna yana ba mutane dariya da halin bariki, sojojin ma suna kallo suna dariya. Marigayi Kasimu Yero haka ya riƙa tsokanar halayenmu, mai mulki da wanda ake mulka, babu wanda ya tsira. Wannan gwaninta ce ta yi ƙaranci yau. Abin da ya rage sai yabo tsirara ko zagi tsirara, alhali fasahar tana tsakaninsu.

Zancen zagi kuwa, a nan zan ɗaure fuska. Zambo na cikin waƙar siyasa tun asali, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa zamanin NEPU da NPC tsarkakakke ne ba, an yi ashar, har kafirta juna an yi a waƙa. Amma a zamanin nan ne kuma Sa'adu Zungur ya rubuta waƙa yana tambayar ko Arewa jumhuriya za ta zama ko mulukiya, Mudi Sipikin ya mayar masa da amsa a waƙe. Tsarin mulki suke gardama a kai, da ƙafiya da ma'auni. Ku zambaci mutum kan aikinsa: kwangilar da ya karɓa bai yi ba, kujerar da ya ɗumama shekara huɗu bai ce uffan ba, jam'iyyar da ya sauya sau uku. Wannan halal ɗinku ne. Amma addininsa, ƙabilarsa, asalin uwarsa, lalurar jikinsa, ku bar su. Kaduna ba irin sauran wurare ba ce. Mun ga Kafanchan a 1987, mun ga Zangon Kataf a 1992, mun ga watan Fabrairun 2000 da Nuwamban 2002, mun ga abin da ya biyo bayan zaɓen 2011, inda aka rasa rayuka sama da 800 a Arewa cikin kwana uku, mafi yawansu a jihar nan. Tun daga 2000 kogin Kaduna ya zama iyaka, mutanen da suka tashi gida ɗaya suka rabu, wasu suka koma Sabon Tasha da Narayi, wasu Tudun Wada da Rigasa. Baiti ɗaya da ya ce "namu" da "nasu", idan aka kunna shi a motar kamfen mai cike da 'yan sara-suka da suka sha suka yi tatul, ba ku ke da iko da inda zai tsaya ba. Tun a dokar zaɓe ta 2022, sashe na 92 ya haramta kamfen da kalaman da za su taɓa addini ko ƙabila, ko da yake mun san yadda ake bin doka a lokacin zaɓe. Wanda kuma yake ganin mawaƙi ba ya shiga irin wannan shari'a, ya nemi labarin Simon Bikindi na Ruwanda, shahararren mawaƙin da kotun duniya da ta zauna a Arusha ta ɗaure shekara 15 a 2008 saboda tunzura jama'a lokacin kisan ƙare dangi.

Abin takaicin shi ne ku kuka fi kowa damar haɗa abin da ya rabu. Ɗan siyasa yana tsallaka gada ne da jiniya da 'yan sanda, waƙa kuwa ba ta neman rakiya. Matan zumunta a coci da Hausa suke rera waƙarsu, masu bege a zawiyya da Hausa, yaran gambara na Barnawa da na Kawo sitidiyo ɗaya suke shiga, babu mai tambayar wani inda yake ibada. 'Yan fim da 'yan barkwanci, ku ma kuna da abin koyi a gida. Tun shekarun 1970 malamai da ɗaliban sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello suke fita ƙauyuka irin su Soba da Bomo, su zauna da manoma su ji matsalarsu ta taki da gona da ruwa, sannan a shirya wasa tare da su, a yi shi a dandali, a tsaya a tsakiya a tambayi 'yan kallo mafita. Ba a kashe kuɗi mai yawa ba. Yau kowannenku na da na'urar ɗaukar hoto a aljihu da mabiya dubbai, amma barkwancin bai wuce na kishiya da na mai bin bashi ba. Manomin Birnin Gwari da na Kajuru da suka shekara suna tsoron zuwa gona labarinsu ɗaya ne, ku haɗa su a wasa ɗaya ku gani.

Duk wannan mutum ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba, domin idan wane ya gindaya sharaɗi, ɗan takara zai tsallaka layi na gaba ya sami wanda zai yi masa a rabin kuɗi. Sai kun haɗa kai. Kuna da ƙungiyoyi, na mawaƙa, na 'yan fim, na marubuta, kuma bukukuwan littafi da fasaha da ake yi a garin nan tun 2017 sun nuna kuna iya zama inuwa ɗaya. Shugabanninku su kira taro, ko a Gidan Arewa ko inda kuka ga dama, a gayyato na kudancin jihar da na arewacinta, a fito da matsaya a rubuce: babu addini babu ƙabila a zambo, kowace waƙar takara ta ɗauki alƙawari mai suna, a rubuta yarjejeniyar kwangila a takarda don kada a cinye muku kuɗi bayan an ci zaɓe, kamar yadda kuka sha kuka. A kuma buɗe asusu da lauya, ta yadda idan aka kama ɗayanku saboda waƙa, ko ta wace jam'iyya ya yi, sauran za su tsaya masa. Ku yi taron nan kafin zaɓen fid da gwani, domin da zarar an raba tikiti kowa ya kama ubangidansa, ko kun kira babu mai zuwa.

Allah ya ba mu zaman lafiya a jiharmu, ya ƙara muku basira da rufin asiri.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin makaranta,
Tudun Wada, Kaduna.